Akori-kura da Tirela a Kwanar Dutsen Kloto

Muna sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu ta Zongo a Lome muka kama hanya, mu uku. Ni ne a sitiyari, Malam limaminmu a tsakiya, sai mai walda a bakin ƙofa, gwiwoyinsa sun tokare gaban mota saboda tsawonsa. Palime muka nufa, daga can kuma mu hau dutsen Kloto, inda wani mai injin yanka katako ya ajiye wa Malam dogayen katakon da za a rufa barandar masallaci. Ku 'yan ajinmu na koyon karatu da yamma kun dame ni da tambayar abin da ya sami bayan motata. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta da kansa.

Motata akori-kura ce mai gajeren bodi. Gawayi nake ɗauka da ita, da buhunan masara, wani lokaci siminti. Mu goma sha ɗaya ne a gidana, kuma daga tayoyin nan huɗu muke ci. Katakon Malam ya ninka tsawon bodin sau uku, ba yadda za a yi ya zauna a ciki. Mai walda ne ya kawo shawarar a mai da ita ƙaramar tirela irin na tashar jirgin ruwa. Shi zai ƙera tirelar, ni kuma in samo farantin ƙarfen da ake ɗaurawa a tsakiyar bodi, wanda kan tirela ke hawa ya riƙa juyawa a kansa. Direbobin tasha suna kiransa selet.

Sati biyu kafin tafiyar muka je wurin masu tsofaffin ƙarafa a bayan tashar. Muka sami ƙanana guda biyu a wurin wani saurayi ɗan Zongo, mai Hausa rabi Faransanci rabi. Ɗaya a kafe yake, inda ka ɗaure shi nan zai zauna. Ɗayan yana kan dogo biyu, in ka ja hannunsa sai ya zame baya, ya ba tirela fili ta juya.

"Baba, motarka gajera ce," in ji saurayin. "Ka ɗauki mai zamewan nan. Wallahi shi ne bon."

Mai walda ya yi tsaki. "Duk ƙarfen da ke motsi wata rana zai karye. Mun riga mun auna. Daga bayan kabin da direba ke zama zuwa saitin tayoyin baya kamu biyu ne da taƙi ɗaya. Rabin faɗin tirelata kamu biyu ne cif. Akwai rarar taƙi guda. Me kuma ake nema?"

Na dubi na kafen, ya fi kauri, ya fi kama da abin da zai daɗe. Shi na ɗauka. Ranar da aka haɗa, muka ja tirelar zuwa filin ƙwallo, muka yi babban zagaye ɗaya, jama'a suka tafa mana. Gwajin ke nan.

Mun bi ta Avedji gari bai gama wayewa ba. Mata na fita da kwanonin koko a ka, duk wadda ta ga abin da muke ja sai ta tsaya ta bi mu da kallo. A shingen farko na bayan gari jandarma ya zagaya motar sau biyu, ya duƙa ya leƙa selet ɗin, ya dubi takarduna, ya sake duban motar. Ya tambaye ni cikin harshen Mina ko wannan babbar mota ce da ba ta gama girma ba. Na ce, Shef, tana kan hanya. Ya yi dariya har ya kira abokinsa ya zo ya gani, muka ba su goro, suka ɗage sandar.

Hanyar Palime miƙaƙƙiya ce, ba ta da wata kwana mai tsanani, dogon jirgin ƙasa na binta a gefe yana ɓacewa yana dawowa. Tirelar tana biye da ni lafiya lau, ko girgiza babu. Mai walda sai hura hanci yake yi. Kakansa Bazazzagi ne, nawa Bakano, don haka tun muna samari ba ma raga wa juna.

"Bakano, ka ji ko ƙara ɗaya? Aikin Zazzagawa ke nan."

"Bari dai mu je mu dawo, Bazazzagi."

A Assahoun muka karya kumallo. Soyayyar doya da yaji ta dala ashirin ta ishe ni da Malam, mai walda shi kaɗai ya ci ta dala talatin, ya ɗora da ablo huɗu, wainar masarar nan mai zaƙi-zaƙi da ake turarawa. Daga nan ƙasa ta fara canjawa. Itatuwa suka yi tsawo, iska ta yi sanyi, dutsen Agou ya bayyana a dama da gajimare a kansa. A bakin hanya piya da ayaba da abarba ne jibge, araha har ta ba ni haushi. Piyar da matata ke saye ɗaya a Lome, a nan kwano guda ake ba ka da kuɗinta. Kowane gari muka ratsa akwai tuta da hoton Shugaba a bakin kasuwa, amma a Palime abin ya fi yawa: an share titi, an shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa, 'yan makaranta na jere da ƙananan tutoci. Wani mai sayar da mai ya ce mana manya za su hau dutse da rana, akwai taro a sama. Muka ce bari mu riga su.

Ban taɓa hawa Kloto ba. Hanyar siririya ce, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen, ramin kuma cike da itatuwa har ba ka ganin ƙarshensa. Na sa giya ta biyu, muka bi kwana uku huɗu masu sauƙi. Sai muka iso wata kwana ta dama wadda hanya ta naɗe gaba ɗaya ta koma inda ta fito. Na koma giya ta ɗaya, na murɗa sitiyari har ƙarshe.

Abin da na fara ji ƙarar ƙarfe ce a bayan kunnena, kamar ana yaga kwanon rufi. Kafin in juya gilashin baya ya fashe a kanmu. Na taka birki da ƙafa biyu. Da na waiga dama, sai na ga kusurwar tirela a cikin kabin, tsakanin kan Malam da kan mai walda. Ƙarfen ya tura hular Malam gaba ta rufe masa ido, ya tsaya dab da kunnen mai walda, yatsa biyu ba za su shiga tsakaninsu ba.

Injin ya mutu. Ina jin ƙarar tsuntsaye a cikin ramin, da ƙarar ɓaraguzan gilashi suna zubowa daga rawanin wuyan Malam ɗaya bayan ɗaya. Can Malam ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, bai ko ɗaga hular ba.

Sai na ji motar tana ja da baya kaɗan kaɗan, da birkin a take.

Allah ya kawo wasu mata biyar suna saukowa da kwandunan ayaba. Suka sauke kaya ba wanda ya roƙe su, suka kwaso duwatsu suka cusa a bayan tayoyi. Sai da babbarsu ta buga bodi ta ce mini in saki, sannan na ɗage ƙafata daga birki. Muka fito ta ƙofata, don ta dama ta lanƙwashe. Abin da na gani ya fi abin da na ji muni. Mota da tirela sun naɗe kamar wuƙar aski, sun tare hanyar baki ɗaya. Tayar baya ta tirela ɗaya tana bakin rami, ƙasa na zubewa a ƙarƙashinta. Gaba ba ta tafiya, don kusurwar za ta ƙara shiga kabin. Baya kuwa rami ne. Mai walda ya ja hannun da ke buɗe bakin selet ɗin don a raba su, ya ƙi buɗewa, nauyin ya matse shi. Ya sa guduma, ya sa ƙafa, ko motsi.

Muna cikin haka muka ji ganguna daga ƙasa. Wata babbar mota ce ta taho cike da samari da 'yan mata masu raye-rayen tarbar manya, duka cikin atamfa iri ɗaya mai hoton Shugaba. Ta tsaya a bayanmu, gangunan suka yi shiru. Wani mutum mai gajeren hannun riga da alamar jam'iyya a ƙirji ya sauko daga gaba, ya dubi agogonsa, ya dubi motata. Ya yi ta faɗa da Faransanci, da ya ga ban gane ba ya koma Mina. Ya ce ayarin manya na bayansa, bai fi rabin awa ba. Ya ce hanya za ta buɗe ko ta halin ƙaƙa. Sai ya juya ya ce wa samarinsa su sauko, su cire duwatsun, su tura abin nan rami.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na kira shi yaya da Mina, na ce, "Fofo, me ka ce?" Ya maimaita, yana nuna ramin da yatsa.

Na kai shekara arba'in da wani abu a duniya, an sha zagina a hanya, ban taɓa ɗaga murya ba. Ranar ma ban ɗaga ba, amma ba don haƙuri ba, muryar ce ta tafi. Na tsaya a gaban tayar baya na dafa bodi. Samarin sun sauko, sun kai talatin, suna dubana suna duban ogansu. Ni kuwa ba abin da nake gani sai tukunyar gidana.

Malam ne ya matso. Ya gyara hularsa, ya kakkaɓe gilashi daga kafaɗa, ya gai da mutumin kamar sun haɗu a wurin suna. Ya ce in fassara masa.

"Gaya masa, ranka ya daɗe, in aka tura ta, tirelar za ta faɗa, amma motar za ta maƙale a bakin hanya da tayoyi a sama, don a haɗe suke. Manya za su zo su tarar da ita haka, su tambayi wa ya yi. Gaya masa kuma ina ganin ƙarti talatin a nan. Tirelar ba kaya a cikinta. In sun ɗaga bayanta suka matsar da shi wajen dutse, ƙarfen zai saki."

Na fassara. Mutumin ya sake duban agogo. Babbar matan nan masu ayaba ta sa baki da ƙarfi, ban kama duk abin da ta ce ba don harshen Ewe na mutanen dutse ya fi na Lome nauyi, amma na ji ta ambaci uwarsa da kunya. 'Yan matan cikin mota suka fashe da dariya. Ya ɗaga hannu ya ce minti goma.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Mai babbar ganga ya hau kan dutse ya fara kiɗa, samarin suka jeru a bayan tirela, matan ayaba ma suka kama. In ganga ta buga sai su ɗaga tare, su matsa taku ɗaya, su ajiye. A ɗagawa ta huɗu kusurwar ta fita daga kabin da wata ƙara mai tada tsigar jiki. A ta shida mai walda ya ja hannun selet ya buɗe. Na shiga na tada injin, na matsar da motar gaba zuwa wani ɗan fili. Su kuma suka tura tirelar da hannu har can, suna rawa. Ko minti biyar ba a yi da wucewarsu ba sai ga baƙaƙen motoci da babura suna jiniya. Muka tsaya a gefe muka ɗaga musu hannu kamar kowa.

Da azahar muka isa wurin mai injin katako, tirelar a ɗaure da igiya a bayan wata tarakta da ta taimake mu. Bayan mun yi salla Malam ya zaunar da mu a kan wani gungume.

"Ku gaya mini. Kun ce akwai rarar taƙi guda. Ina ta tafi?"

Mai walda ya rantse faɗin tirela kamu huɗu ne, da hannunsa ya auna. Na rantse daga kabin zuwa tayoyin baya kamu biyu da taƙi ne, da hannuna na auna, a ƙofar gida, na kuma faɗa masa a masallaci bayan la'asar.

Malam ya dube ni, ya dube shi. "Ku kawo hannuwanku."

Ya haɗa gwiwar hannuna da ta mai walda a kan gungumen. Yatsuna suka ƙare a tsakiyar tafinsa. Malam ya bar hannuwan nan biyu a jere muna kallo. Mu a Zongo da hannu muke awo tun kakanni, yadi da igiya da tabarma, kuma yana yi mana daidai, don mai awon farko shi ne mai awon ƙarshe. Ba wanda ya taɓa tunanin kamu biyu na mai walda ya fi kamu biyu da taƙi nawa. Shekara talatin ina kallon tsawon mutumin nan, ina yi masa tsiya a kai.

"Bakano," in ji shi a ƙarshe, muryarsa ƙasa ƙasa, "ashe har hannunku akwai tauye mudu."

Dariyar da ta kama ni ta zo da hawaye, na kasa tsayar da ita. Malam ma sai da ya rufe baki da gefen rawani.

Mai injin katakon dattijo ne da ya taɓa gyaran taraktocin gonar koko, yana da injin walda. Ya yanko sanda ɗaya ya ba mu, ya ce da ita za a auna komai. Aka sare kusurwoyin gaban tirelar duka biyu aka mai da su kamar goshin kwalekwale, aka ciro guntun ƙarfen da ke shiga selet aka matsar da shi can gaba. Na tambaya ko a mai da selet ɗin baya kawai a huta. Dattijon ya ce in na yi haka, da an ɗora kaya gaban motar zai ɗaga, sitiyari ya zama abin wasa a hannuna a kan gangara. Ya ce ga gajeren bodi mai zamewa ya fi, amma tunda babu, wannan zai kai mu gida. Mai walda bai ɗago kai daga aikinsa ba.

A nan muka kwana. Matar dattijon ta yi mana sakwara da miyar kaza, Malam da kansa ya yanka kazar. Da safe, kafin a ɗora ko sili ɗaya, na shiga filin makarantar ƙauyen na murɗa sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, gaba da baya, mai walda na tafe a gefe da tafin hannunsa tsakanin tirela da kabin. Sai da ya ce hannunsa na wucewa a sake sannan aka yi lodi. Kashi biyu cikin uku na katakon muka ɗauka, sauran na ce sai wani zuwan.

Saukowa ta ɗauke mu awa biyu. Duk kwanar da muka dosa sai Malam ya ce in tsaya, ya sauka, ya yi gaba a ƙasa da carbinsa, wai yana duba mana hanya. A kwanar jiya na ga gilashina a warwatse yana ƙyalli, da inda ƙasa ta zube a bakin rami. Na wuce a giya ta ɗaya, ban numfasa ba sai da tirelar ta miƙe a bayana. Daga Palime zuwa Lome iska ta riƙa shigowa ta inda gilashi yake a da, ƙurar katako na sauka a wuyanmu. Jandarman shinge ya ga ramin da ke bayan kabin, ya riƙe baki, ya ɗage sandar ko takarda bai tambaya ba.

Mun shigo Zongo ana kiran la'asar. Abin da na koyo ba shi da yawa, amma da tsada na same shi. Mai gajeren bodi da zai ɗora selet, kada ya tambayi wanne ya fi kauri, ya tambayi ina kusurwar tirela za ta kai in ya murɗa sitiyari har ƙarshe. Ya gwada a fili, ba kaya, ba mutum a gefensa. Abin da mutum biyu za su haɗu a kansa kuma, a auna shi da sanda ɗaya.

Bayan an sauke katako a masallaci na kai motar ƙofar gida. Uwargidana ta fito da ludayi a hannu. Ta zagaya ta tsaya a bayan kabin, ta sa hannunta cikin ramin har wuyan hannu, ta leƙa ta ga inda ya fito daidai da kan kujera.

"Wa ke zaune a nan?"

"Malam da mai walda."

"Suna ina?"

"Suna masallaci, suna gardamar inda za a jingine katako."

Ta zare hannunta ta goge a zane. "Mai gawayin unguwar Djidjole ta aiko sau biyu. In ce mata me?"

Na ce ta ce mata gobe da safe motar na ƙofarta.